Abu Raihan Albiruni, Mai Awon Duniya

A cikin malaman da suka yi wa ilmin lissafi hidima, kaɗan ne suka kai Abu Raihan Muhammadu ɗan Ahmadu, wanda a ke kira Albiruni. An haife shi a shekara ta 973 a birnin Kas, ƙasar Hawarizmu, inda ya ke cikin Uzbekistan yanzu. Malaminsa, Abu Nasar Mansur, ɗan sarauta ne, gwanin ilmin taurari. Yaron nan tun yana da shekara 17 ya auna tsayin rana da tsaka, ya fitar da nisan garinsu daga layin da ya raba duniya biyu. A 997 kuwa suka shirya da Abul Wafa, shi yana Kas, wancan yana Bagadaza, kowa ya duba husufin wata guda ya rubuta lokacinsa. Da bambancin lokutan nan suka san tazarar garuruwan biyu ta gabas da yamma.

A 1017 Sarki Mahmudu na Gazna ya ci ƙasarsu, ya tafi da shi. Zaman nan bai sa ya ajiye alƙalami ba. Ya shiga Hindu, ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta babban littafi a kan mutanen ƙasar. A wani wuri wai shi Nandana ya auna tsawon wani dutse, ya hau kansa, ya auna yadda bakin sama ya sunkuya, ya sami minti 34, wato rabin digiri da 'yan kai. Daga wannan 'yar kusurwa ya lissafa girman duniya, abin da ya samu kuwa bai yi nisa da na masanan yau ba.

To, mene ne makaminsa? Shi ne abin da Larabawa ke kira jaibu da jaibut tamam, mu kuwa a aji mu ce sayin da kosayin. Mu ɗauki tsani mai kamu 10, mu jingina shi ga ganuwa, gindinsa kamu 5 daga bangon. In muka raba 5 da 10 mun sami 0.5, shi ne kosayin na kusurwar da tsanin ya yi da ƙasa. Amma kusurwar fa, digiri nawa ce? Sai mu bi sawu baya, kamar mai neman ɓataccen jaki, mu nemi kusurwar da kosayin nata ya ke 0.5, mu tarar 60 ce. Wannan komawa daga lamba zuwa kusurwa ita ce juyin kosayin. Mu lura, lambar ba ta wuce 1, kuma duk sa'ad da ta ƙaru kusurwa raguwa ta ke yi. A littafinsa Alƙanunul Mas'udi, wanda ya yi wa Sarki Mas'udu ɗan Mahmudu, Albiruni ya jera jaibu na kowane kwata na digiri, ya kuma nuna yadda za a fitar da kusurwa in lamba ta faɗa tsakanin layi biyu.

A 1025 ya gama wani littafi a kan nisan birane, nufinsa mutanen Gazna su san alƙiblarsu da awo, ba da kirdado ba. Bari mu yi wa Zariya irin tambayar nan, da ƙa'idar da a ke koyarwa yanzu. Zariya tana digiri 11 arewa da layin tsakiya, Makka 21 da rabi, tsakaninsu gabas da yamma 32. Mu buga sayin na 11 da na 21 da rabi, 0.070 ke nan. Mu buga kosayin na lambobin uku, 0.774. Jimla 0.844. Juyin kosayin nata ya kusa digiri 32 da rabi, kowane digiri kuwa mil 69 ne. Ashe daga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu zuwa Ka'aba wajen mil 2,240 ne. In muka ci gaba da lissafin, za mu ga alƙiblar Zariya ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da wajen digiri 23.

An ruwaito Sarki Mas'udu ya aika masa da azurfa kayan giwa guda ladan littafinsa, ya mayar da ita baitulmali. Ya rasu a Gazna wajen 1050, ya bar littattafai fiye da 100.

'Yan'uwa, mu da za mu tsaya gaban yara gobe, kada mu koya musu neman kusurwa da ka kawai. Mu fita da su gindin ganuwa da tsani da igiya, su auna da hannunsu. Allah ya jiƙan Abu Raihan, amin.