Tunawa da Alhaji Abubakar Imam

Iyayenmu da 'yan'uwa matasa, yaran zango suna son littattafan aljanu da abubuwan al'ajabi, amma da Turanci suke karantawa. Ga wanda ya rubuta irinsu da Hausa.

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, Najeriya, a 1911. Yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, inda aku ke tsare Musa ɗan sarki da labarai don ya tsira daga makircin waziri. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981.

Muna jin Hausa, amma kaɗan cikinmu ke karanta ta. Mu fara da littattafansa. Allah ya jiƙansa.