Walt Disney: An ƙwace masa zomo, ya dawo da ɓera

Kafin Mickey Mouse akwai wani zomo mai suna Oswald, kuma asarar wannan zomon ce ta gina kamfanin da yau ƙannenku ke kwana gaban katun ɗinsa.

An haifi Walt Disney a birnin Chicago na Amurka ranar 5 ga Disamba, 1901. Ba ɗan gata ba ne fa. Yana yaro, tun asuba yake fita raba wa mahaifinsa jaridu a Kansas City, ko da ƙanƙara na zuba. Ɗan kamfanin zanensa na farko ya karye a 1923, sai ya tattara ya nufi Hollywood, inda shi da yayansa Roy suka kafa sabo.

A 1927 suka ƙirƙiro Oswald, ya kuwa karɓu. Farkon 1928 Walt ya tafi New York neman ƙarin kuɗi wurin Charles Mintz, dillalin fina-finan. Ashe an riga an sha gabansa. Mintz ya janye yawancin masu yi masa zane, sannan a takarda zomon mallakar kamfanin Universal ne, ba nasa ba. Haka ya dawo hannu rabbana. Ku masu ɗora bidiyo, da ake miƙo muku yarjejeniya ku sa hannu ba ku karanta ba, wannan gaɓar taku ce. Tun daga ranar Walt bai sake yarda wani ya mallaki abin da ya ƙirƙira ba.

Cikin 'yan kaɗan da ba su gudu ba akwai abokinsa Ub Iwerks, kuma gaskiyar magana hannunsa ne ya zana Mickey, ɗaruruwan zane a rana ɗaya. Walt ya ba ɓeran hali da murya. Fim ɗin Steamboat Willie ya fito a Nuwamban 1928, sauti na tafiya daidai da motsi, abin da 'yan kallo ba su saba gani a katun ba. Suna dai na Walt ne ya fita. Iwerks ya bar shi a 1930, sai bayan shekara goma ya dawo.

Da ya ce zai yi katun mai tsawon cikakken fim, mutanen Hollywood dariya suka yi masa: wa zai zauna sama da awa guda yana kallon zane? Ya jinginar da gidansa, aikin ya ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Snow White ya fito a Disamban 1937, ya kawo kusan dala miliyan 8 a fitowar farko.

Amma wanda aka taɓa cuta bai zama maigida mai sauƙi ba. A 1941 masu zanensa suka yi yajin aiki kan albashi da 'yancin ƙungiya. Abin ya yi masa ciwo, har a 1947 ya ambaci sunayen wasu gaban kwamitin majalisa yana zarginsu da kwaminisanci, a lokacin da irin wannan zargin kan raba mutum da sana'arsa.

Ya buɗe Disneyland a 1955. Kansar huhu ce ta yi ajalinsa ranar 15 ga Disamba, 1966, yana da shekara 65. Dama mashayin sigari ne sosai.

Oswald kuwa, sai a 2006 ya dawo gida. Kamfanin Disney ya karɓo shi daga NBC Universal, a madadin wani mai sharhin wasanni, Al Michaels, da ya saki ya koma can.