MARKONI, MAI WAYAR ISKA

Jama'a, ko kun taɓa tsayawa kun yi tunanin yadda murya ke fita daga ɗan akwatin da ke hannun mutum, ta ƙetare dawa da duwatsu da koguna, ta faɗa kunnen ɗan'uwansa a wata ƙasa, alhali kuwa babu zare babu igiya a tsakaninsu? Abin ya zama mana jiki, har mun daina ganin mamakinsa. Amma da wani ya tsaya a kasuwa a shekarar 1890 ya ce za a yi haka, da an ce ya taɓu. Mutumin da ya fi kowa wahala wajen mai da wannan abu abin amfanin yau da kullum shi ne wani Bature mutumin Italiya, sunansa Guliyelmo Markoni. Labarinsa ya dace da mu masu shirin zama malamai, gama akwai abin koyi a cikinsa, akwai kuma abin da ya kamata mu ji tsoro.

An haifi Markoni a birnin Bolonya ran 25 ga Afrilu, 1874. Ubansa Giuseppe attajiri ne mai gonaki, uwarsa kuwa Annie Jameson mutuniyar Ayilan ce, saboda haka ya tashi yana jin Italiyanci da Ingilishi duka. Bai zauna a makaranta sosai kamar sauran yara ba, yawancin karatunsa a gida aka yi masa, har ya mutu kuwa bai taɓa cin jarrabawar jami'a ba. Yaro ne mai kunya, ba ya son yawan magana, aikinsa ke nan haɗa waya da batir da gwangwani. Da a ajinmu yake, watakila da mun sa shi cikin 'yan baya.

Amma Allah ya haɗa shi da malamai biyu. Na fari shi ne Vincenzo Rosa, wanda ya koya masa sha'anin lantarki a garin Liborno. Markoni bai manta da shi ba, ya ambaci sunansa a gaban manyan masana ran da ya yi jawabin karɓar babbar kyauta. Na biyu shi ne Augusto Righi, shaihin malami a jami'ar Bolonya, wanda ya yarje masa ya riƙa shiga yana sauraron darasi, ko da yake ba ɗalibin jami'ar ba ne.

Kada mu ɗauka Markoni ne ya fara gano igiyoyin da ke ɗaukar saƙo a iska. Tun wajen 1864 wani masani mutumin Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya nuna da lissafi cewa lalle akwai su. Sa'an nan a 1887 da 1888 wani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya tabbatar da su a ɗakin gwaji. Ga misalin abin. In ka jefa dutse a tsakiyar tafki, za ka ga ruwa ya yi zobe-zobe yana tafiya har gaɓa. Haka nan in tartsatsin lantarki ya tsallaka tsakanin ƙarfe biyu, yakan ta da waɗansu igiyoyi da ido ba ya gani, su bazu ko'ina da saurin haske, watau mil 186,000 cikin sakan ɗaya. Hertz ya rasu a farkon 1894 yana da shekara 36. A shekarar nan Markoni ya karanta labarin aikinsa, sai tambaya ɗaya ta shige masa rai: me zai hana a aika da saƙo da waɗannan igiyoyi?

A lokacin nan akwai wayar tangaraho, wadda ake buga saƙo da ita ta hanyar gajeriyar bugawa da doguwa, kowane harafi da irin tasa. Amma sai an kafa turaku an ja waya daga gari zuwa gari. Jirgin ruwan da ke tsakiyar teku kuwa ba shi da yadda zai yi, in ya bar gaɓa ya zama kurma kuma bebe.

Markoni ya shiga ɗakin sama na gidan gonar ubansa a ƙauyen Pontecchio, ya duƙufa dare da rana. Da fari ya samu ya sa ƙararrawa ta kaɗa a wancan gefen ɗaki ba tare da waya ba. Masana sun riga sun yi irin wannan. Abin da ya ƙara a 1895 shi ne, ya ɗaga waya ɗaya sama, wadda muke kira eriya, ya binne ɗaya a ƙasa. Nan da nan saƙo ya ƙara nisa, har ya wuce mil guda, ya kuma tsallake wani tudu da ke bayan gidan. Ana ba da labari cewa da saƙon ya isa bayan tudun, bindiga aka harba don a sanar da shi. Shekararsa 21 a sa'an nan.

A watan Fabrairu 1896 uwarsa ta raka shi Landan, domin Ingila ce ta fi kowace ƙasa yawan jiragen ruwa, ga kuma danginta da za su taimaka. Babban injiniyan gidan waya na Ingila, William Preece, ya karɓe shi ya ba shi wurin gwaji. A watan Yuni ya nemi takardar hukuma mai shaida cewa dabarar tasa ce. A 1897 ya aika da saƙo bisa ruwa wajen mil 9, ya kuma kafa kamfani. A 1899 saƙonsa ya haye tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila.

Daga nan ya ɗaura niyyar ƙetare babban tekun Atlantika. Masana da yawa suka ce ba shi yiwuwa, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: duniya a dunƙule take, igiyoyin nan kuwa miƙe suke tafiya kamar haske, saboda haka za su wuce sama su ɓace. Markoni bai iya ba su amsa da lissafi ba, sai ya ce a gwada. Ya gina babbar tasha a Poldhu, a kudu maso yammacin Ingila. Iska ta zo ta kayar da turakunta, ya sāke kafa waɗansu. Ya tafi tsibirin Newfoundland, wanda yanzu ke cikin Kanada, ya ɗaga eriyarsa sama da irin abin wasan nan na yara da iska kan ɗauka an riƙe shi da zare. Ran 12 ga Disamba, 1901, ya ce ya ji bugawa uku gajeru, watau harafin S, daga nisan mil 2,000 da ɗoriya. Shi da mataimakinsa kaɗai suka ji, don haka waɗansu suka yi shakka, har yau ma masana na gardama a kai. Amma a Fabrairu 1902 ya shiga jirgin ruwa mai suna Philadelphia, aka riƙa karɓar saƙo a rubuce a gaban shaidu har nisan mil 1,500 da wani abu. A tafiyar nan ya lura saƙo ya fi nisa da dare. Daga baya aka gane dalili: can sama akwai wani rufi na iska mai lantarki da ke mai do da igiyoyin ƙasa, rana kuwa takan sāke halinsa. Shi ya sa duk mai akwatin rediyo ya san tashoshin nesa sun fi fita da dare.

Amfanin abin ya bayyana a teku. A Janairu 1909 jirgin Republic ya yi karo da wani jirgi cikin hazo kusa da Amurka, mai buga wayar iska ya yi kira, aka zo aka ceci mutum fiye da 1,500. A shekarar nan aka ba Markoni kyautar Nobel tare da wani Bajamushe, Ferdinand Braun. A Afrilu 1912 kuma babban jirgin nan Titanic ya daki dutsen ƙanƙara ya nutse. Mutum wajen 1,500 suka hallaka, amma wajen 700 suka tsira, domin jirgin Carpathia ya ji kiran ya juyo. Abin baƙin ciki, akwai wani jirgi da ya fi kusa, amma mai wayarsa ɗaya ne tak, ya riga ya kwanta barci. Bayan wannan aka kafa doka manyan jirage su riƙa sauraro dare da rana.

Markoni bai huta ba, ko da yake ya rasa idonsa na dama a haɗarin mota a 1912. Ya sayi wani jirgin ruwa ya sa masa suna Elettra, ya mai da shi ɗakin gwaji. Da fari kowa ya ɗauka dogayen igiyoyi ne ke kai saƙo nesa, su kuwa suna bukatar manyan tashoshi masu cin kuɗi. Shi da ma'aikatansa suka koma kan gajeru, suka ga ana iya tattara su a nufi wuri ɗaya da su kamar hasken tocila. A 1926 aka haɗa Ingila da Kanada ta wannan hanya, a 1927 kuma aka haɗa ta da Ostareliya da Afirka ta Kudu da Indiya. A 1931 ya kafa wa Paparoma gidan rediyo. A 1933 aka buɗe wayar magana ta iska tsakanin fadar Paparoma da gidan hutunsa, wajen mil 15, da igiyoyin da tsawonsu bai kai ƙafa 2 ba. Wannan hanya ta gajarta igiya ita ce aka bi har aka iso ga wayar da ke aljihunmu.

To, ga inda labarin ya ɓaci. A 1923 Markoni ya shiga jam'iyyar Musolini, mai mulkin kama-karya na Italiya. Aka yi masa sarauta, a 1930 aka naɗa shi shugaban majalisar masanan ƙasar, ya kuma zauna a babbar majalisar jam'iyyar. A Oktoba 1935 Italiya ta faɗa wa Habasha da yaƙi, ƙasar Sarki Haile Selassie, har jiragen sama suka zuba wa mutane iska mai guba. Baƙar fata ko'ina suka ji zafin abin, a Ikko ma an yi taro an nuna rashin yarda. Markoni kuwa ya tsaya yana kāre yaƙin, har ya nemi ya yi haka ta gidan rediyon BBC, aka hana shi. Takardun da aka tono a 2002 sun nuna kuma cewa yana sa alama a jikin sunayen masana Yahudawa, ba kuwa a shigar da ko ɗayansu majalisar masanan ba a zamaninsa. Mutumin da dabararsa ta ceci baƙi a teku ba tare da an tambayi ƙabilarsu ba, shi ne ya ba da sunansa da muryarsa ga zalunci.

Ya rasu a Roma ran 20 ga Yuli, 1937, yana da shekara 63, ciwon zuciya ya kashe shi. Gidajen rediyo da yawa suka yi shiru na minti 2 don girmama shi. A 1943 babbar kotun Amurka ta yanke cewa wani sashe na abin da ya ce nasa ne, waɗansu sun riga shi, cikinsu har da Oliver Lodge da Nikola Tesla. Akwai kuma Jagadish Bose na Indiya da Aleksanda Popov na Rasha, waɗanda suka yi irin gwajinsa a shekarun nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu mu dubo gida. A farkon mulkin Turawa, sa'ad da Zungeru ke hedkwatar Arewa, da turaku da waya aka riƙa haɗa barikoki. Daga baya rediyo ya zo: BBC ta fara magana da Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962. Amma yin magana da ɗan'uwa ta waya ya daɗe yana hannun 'yan kaɗan, gama har shekarar 2000 layukan tarho na Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A Janairu 2001 aka yi gwanjon lasin wayar salula a Abuja, a watan Agusta aka fara kira. A 2022 kuma aka fara aiki da sabon tsarin da ake kira 5G, wanda igiyoyinsa a nan ƙasar ba su kai inci 4 ba. Dabarar ita ce, an rarraba gari gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da ƙarfen sabis nasa, in kana tafiya wannan ya miƙa ka ga wancan ba ka sani ba. Shi ya sa mai sayar da doya a kasuwar Karmo yake jin kuɗin kaya a Zariya kafin ya yi ciniki, lebura kuma ya aika wa tsohuwarsa kuɗi a ƙauye yana tsaye a bakin titi.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu aji. A cikinsa za a sami yaron da ba ya cin jarrabawa, amma in rediyon gidansu ya lalace shi ke gyarawa. Kada mu kira shi daƙiƙi. Rosa da Righi ba su ƙago wayar iska ba, ƙofa kawai suka buɗe wa yaro, ladan kuwa ya ishe su. Amma kada mu tsaya a nan. Wayar da ke kai gaisuwa ita ce ke kai jita-jita da ƙarya da zamba, wani lokaci har a zub da jini a kan saƙon da ba wanda ya bincika. Na'ura ba ta zaɓen abin da za ta ɗauka, mai riƙe da ita ne ke zaɓa. Markoni ya sami gwaninta wadda ba a cika samun irinta ba, duk da haka ba ta hana shi bin azzalumi ba sa'ad da aka yi masa tayin girma. Saboda haka in mun koya wa yaro lissafi da kimiyya, sai mu koya masa faɗin gaskiya da tausayin wanda ba danginsa ba, mu kuma nuna masa su a halinmu, gama icce tun yana ɗanye akan tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon yin duka biyu.