Latunde Odeku, Likitan Ƙwaƙwalwa na Ibadan

Idan ka tashi daga Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, ka bi ta Mokola, ba za ka yi nisa ba za ka isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957. Ɗakin karatun ɗaliban likitanci da ke can yana ɗauke da sunan Latunde Odeku. Ga tarihin mai wannan suna.

An haifi Emmanuel Latunde Odeku a 1927. Mahaifinsa mutumin Awe ne, wani gari kusa da Oyo. Ya yi sakandare a Legas, sannan ya tafi Amurka, inda ya gama karatun likita a Jami'ar Howard a 1954. Daga nan ya koyi tiyatar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Michigan, a hannun wani gwani mai suna Edgar Kahn.

Ka ɗan tsaya ka taɓa kanka. A cikin wannan ƙoƙo akwai ƙwaƙwalwa, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma tana da laushi ƙwarai. Da ita kake gani, kake magana, kake tuna karatun jiya. Likitan da zai yi mata aiki sai ya huda ƙashin kai tukuna. In hannunsa ya kauce kaɗan, mara lafiya yana iya rasa magana ko tafiya har abada. Shi ya sa ake daɗewa ana koyon wannan aiki, kuma kayan yinsa suna da tsada.

Odeku ya ƙware, har aka ba shi aikin koyarwa a Howard. Da ya so, da ya yi zamansa a Amurka cikin jin daɗi. Amma a 1962 sai ya dawo gida, ya kama aiki a Ibadan. A lokacin babu ɗan Nijeriya ko ɗaya mai wannan ƙwarewa, asibitin kuma ba shi da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Odeku bai jira a ware masa kuɗi ba. Ya sayo kayan aiki da yawa da kuɗin aljihunsa, ya taho da su, da su kuma ya kafa sashen. A ganina, wannan ya fi duk takardun shaidarsa nuna irin mutumin da yake.

Marasa lafiya suka yi ta zuwa: wanda ya fashe kai a hatsarin mota, da mai ƙari a ƙwaƙwalwa, da jaririn da ruwa ya taru a kansa har kan ya kumbura. Shi da abokan aikinsa sun riƙa rubuta abin da suka gani, suna bugawa a mujallun likitoci, don duniya ta san yadda waɗannan cututtuka suke a Afirka. Ya zama farfesa a 1965. Wani abin da ba za ka zata ba, likitan nan marubucin waƙoƙi ne, har ya buga littattafai biyu cikin Turanci.

Ciwon sukari ya kama shi, ya rasu a Landan a watan Agusta na 1974, yana da shekara 47. Adelola Adeloye, wanda ya yi aiki tare da shi, ya ci gaba da riƙe sashen, ya kuma rubuta littafin tarihin rayuwarsa.