Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo

Kwanakin baya na tambayi 'yan matan ajina ko sun san Nana Asma'u. Biyu kawai suka ɗaga hannu, ɗaya ma ta ɗauka 'yar Sayyidina Abubakar nake nufi. Abin ya dame ni, don da yawanmu nan Fashaga kakanninmu daga ƙasar Sakkwato da Kano suka taso.

An haife ta wajen 1793, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, tagwaye ita da Hassan. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama wazirinsa bayan rasuwar Shehu a 1817. To kun gani: uba Shehu, wa Sarkin Musulmi, miji Waziri. Da ta so zaman ɗaki ta huta, ba mai ce mata komai.

Ba ta riƙe sarauta ba, amma hannunta na cikin mulkin. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke yi wa masu mulki kashedi kan zalunci da cin dukiyar talaka, don kowa ya ji ta da harshen kasuwa. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, ita da Giɗaɗo suka duƙufa rubuta halayen Shehu da Bello. Ni a ganina ma'auni suka ajiye wa sarakunan da suka biyo baya.

Aikin da ya fi burge ni shi ne 'Yan Taru. Yaƙe-yaƙe sun tara mata da yawa a ƙauyuka, waɗansu kamammu ne daga Gobir, bori suka sani. Asma'u ba ta aika musu da dakaru ba. Sai ta zaɓi dattijan mata, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji ta zo da ayarinta a ƙafa, su haddace waƙoƙin tsarki da salla da tarihin Annabi (SAW), su koma su koyar a cikin gidaje. Malfar nan kuwa irin ta Innar Gobir ce, shugabar bori, alamar da mata suka riga suka saba girmamawa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ɗanta Abdulƙadir ya yi waziri, sarautar kuma ta zauna a gidan Giɗaɗo.

Bayan faɗan Burmi a 1903, mutanenmu suka yo gabas, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Sunan Wurno ya iso Sudan lafiya lau, na Asma'u ne ya maƙale a hanya. Ga kakar riɗi ta matso, na kuma san kujeru nawa ne na 'yan mata za su zama fanko a ajina.