Samuel Taylor Coleridge: Mawaƙin da ya sa teku ta bi haƙƙin tsuntsu

An haifi Samuel Taylor Coleridge ranar 21 ga Oktoba, 1772, a garin Ottery St Mary da ke yankin Devon na ƙasar Ingila. Shi ne autan gidansu. Mahaifinsa, wanda limamin coci ne, ya rasu a 1781, sai aka tura yaron makarantar kwana a Landan. Ya shiga Jami'ar Cambridge a 1791, amma ya bar ta ba tare da samun digiri ba.

Tauraronsa ya fara haskawa bayan da ya ƙulla abota da mawaƙi William Wordsworth. A 1798 suka fitar da littafin waƙoƙi mai suna Lyrical Ballads, inda suka raba aiki: Wordsworth ya ɗauki rayuwar talakawan karkara, Coleridge kuwa ya ɗauki al'amuran ɓoye, da nufin sa mai karatu ya ji su tamkar gaskiya.

Bakandamiyarsa a littafin ita ce The Rime of the Ancient Mariner. Labari ne na wani ma'aikacin jirgin ruwa da ya harbe babban tsuntsun teku, albataros, babu gaira babu dalili. Daga bisani iska ta tsaya cik, ƙishirwa ta addabi jama'ar jirgin, suka rataya masa gawar tsuntsun a wuya. Abokan tafiyarsa 200 suka mutu, aka bar shi shi kaɗai. Gawar ba ta faɗi daga wuyansa ba sai da ya dubi macizan ruwa ya sa musu albarka. Fatalwa da ruhohin da ke cikin waƙar duk hukunci suke zartarwa, domin a wurin Coleridge halitta tana da haƙƙi, kuma alhaki kwikwiyo ne.

Shi ma mawaƙin yana da nasa nauyin a wuya. Maganin ofiyom da ya fara sha saboda ciwo ya zame masa jaraba, ya lalata masa aure, ya raunana amincinsa da Wordsworth. Waƙoƙinsa biyu, Kubla Khan da Christabel, sun fito a 1816 ba a kammale ba.

A wannan shekarar ya tare a gidan likita James Gillman a unguwar Highgate domin neman waraka. A can ya zauna har ya rasu ranar 25 ga Yuli, 1834, yana da shekara 61.