Johan Lundbye, mai zanen karkarar Denmak

An haifi Johan Thomas Lundbye a garin Kalundborg na ƙasar Denmak a 1818, ya kuma koyi zane a birnin Kopenhagen.

A zamanin da takwarorinsa ke rububin zana Italiya, shi ƙasarsu ya sa a gaba: tuddai da gaɓar teku da shanun da ke kiwo a tsibirin Zealand. Ya leƙa Italiyar a 1845, amma kewar gida ta hana shi sakat.

Da yaƙi ya ɓarke kan yankin Schleswig a 1848, sai ya shiga soja don raɗin kansa. Bai kai fagen daga ba, harsashi ya halaka shi a watan Afrilu, abin da aka ɗauka tsautsayi ne, yana da shekara 29.